Asma da furotin ɗin hanyoyin iska: tambayoyi da amsoshi

Mai asma ya san cutarsa ta abin da take yi masa: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito, tari ya tashe shi kafin kiran sallar asuba. Abin da ba kasafai likita ke samun lokacin bayyana masa ba shi ne abin da ke gudana a cikin bututun iskar kansu tun kafin numfashin ya sarƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka wallafa a 2019 ya ce masu ita a Najeriya sun kai kimanin miliyan 13. Ga tambayoyin da aka fi yi game da furotin ɗin da ke haddasa ta.

Wane furotin ake nufi? Shi ne na wake da ƙwai? Ko in rage cinsu?

A'a. Furotin da muke ci yakan narke a ciki ya koma ƙananan sinadarai, jiki kuma ya ɗauke su ya ƙera nasa furotin iri-iri har dubbai, kowane da aikinsa. Wani yana ɗaure ƙwayoyin halitta da juna, wani yana kai saƙo, wani shi ne ke ba majina yauƙi. Waɗanda muke magana a kansu jiki ne ke yin su a cikin huhu, ba daga kwano suke zuwa ba. Hana yaro mai asma ƙwai ko madara ko gyaɗa ba tare da an tabbatar yana da alajin wannan abincin ba, wato jikinsa ba ya jituwa da shi, ƙarin wahala ce kawai, ga asma ga rashin abinci mai gina jiki.

To a ina cutar take farawa?

An daɗe ana ɗaukar asma a matsayin ciwon tsokar da ta kewaye bututun iska: tsokar ta matse, hanya ta ƙuntata. Gaskiya ne tana matsewa, amma wannan ƙarshen zancen ne. Masu bincike da dama yanzu sun karkata ga cewa mafarin yana jikin siririyar fatar da ta lulluɓe cikin bututun, wadda iskar da muke shaƙa, kusan lita 10,000 a yini, ke gogawa a kanta.

Wannan fata jere ne na ƙwayoyin halitta, kamar tubali a jikin katanga, furotin irin su E-cadherin da occludin da claudin kuwa su ne kwaɓin da ya riƙe tubalan. A mai asma kwaɓin ya yi rauni. An duba naman da aka gutsuro daga hanyar iskar masu cutar an ga waɗannan furotin sun ragu, don haka abin da ya kamata ya tsaya a waje yana samun kafar shiga.

Fatar kuma ba a zaune take kawai ba. Da zarar an taɓa ta, ko da hayaƙi ne, ko ƙwayar cutar mura, ko ƙurar gida, sai ta saki furotin uku masu yin yekuwa ga garkuwar jiki: TSLP da IL-33 da IL-25. Kowa na da su. Bambancin mai asma shi ne nasa suna saurin fita, kuma garkuwar jikinsa tana amsa kiran fiye da kima.

Ta yaya ƙurar ɗaki take iya fasa wannan fata?

A cikin katifa da matashin kai da kafet da labule akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, suna rayuwa a kan ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu. Ba cizo suke yi ba. Matsalar kashinsu ce, wanda yake tashi da ƙura idan an kakkaɓe shimfiɗa. A cikin kashin akwai wani furotin da ake kira Der p 1, wanda ƙwaron ke narkar da abincinsa da shi. A 1999 masu bincike a Landan suka nuna cewa wannan furotin yana yanka occludin, wato shi da kansa yake buɗe wa kansa hanya tsakanin ƙwayoyin fatar.

Waɗannan ƙwari suna son laima. Idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari na dogon lokaci sukan bushe su mutu, shi ya sa damina da ɗaki mai rufe da ba ya samun rana suka fi yi musu daɗi. Kyankyaso ma yana da nasa furotin a kashinsa da gaɓoɓinsa da suka ruɓe, haka funfuna, haka kyanwa. Masu aiki a gidan burodi kan kamu da asma saboda furotin ɗin fulawa da suke shaƙa kullum, kuma alamar da ke tona wannan ita ce mutum ya ji sauƙi duk lokacin da ya yi kwanaki bai je aiki ba.

Bayan yekuwar, me ke biyo baya?

Ƙwayoyin garkuwa da suka amsa kiran sukan saki wasu furotin masu kai saƙo, uku daga ciki su ne jigo.

IL-4 yana sa jiki ya ƙera IgE, wani nau'in garkuwa da aka gano a 1966 da 1967 ta hannun Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da kuma Johansson da Bennich a Suwidin. IgE yakan je ya manne a jikin wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, da ke zaune a bangon hanyar iska, ya jira. Ranar da mutum ya sake shaƙar abin da ya yi alajinsa, ƙwayoyin mast su fashe da histamin da wasu sinadarai, tsoka ta matse cikin 'yan mintoci. Wannan ne dalilin da wani zai shiga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, kafin ya zauna numfashi ya fara yi masa wuya.

IL-5 yana kiran fararen ƙwayoyin jini da ake ce wa iyosinofil daga ɓargo. Su kuma suna ɗauke da furotin masu guba da suke zubarwa a kan fatar hanyar iska su ƙara sale ta. Zuwansu yakan ɗauki sa'o'i, shi ya sa abin da aka shaƙa da la'asar kan iya dawowa da ƙarfi cikin dare.

IL-13 shi ne mai aikin ɓarna iri-iri: yana ƙara majina, yana sa tsoka ta zama mai saurin matsewa, yana kuma ƙara sassauta ɗaurin fatar. Nan ne abin yake zama zagaye. Fata ta raunana, abu ya shiga, kumburi ya taso, kumburin ya ƙara raunana fatar.

Me ya sa kakin mai asma yake da danƙo haka, ya ƙi fita?

Wannan ɓangare ne da a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Majinar hanyar iska kusan duk ruwa ce, abin da ke ba ta jiki furotin biyu ne, MUC5B da MUC5AC. A lafiyayyen huhu MUC5B ne ke yin aikin yau da kullum: yana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, ƙananan gashin da ke jikin fatar su tura shi sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba tare da mun sani ba. IL-13 yana juya lissafin, MUC5AC ya yi yawa. Shi kuwa yakan manne da ƙwayoyin da suka fitar da shi, gashin ya yi ta kaɗawa majinar ba ta motsa ba.

Iyosinofil suna ƙara dagula lamarin. Wani furotin nasu yana sa zaren majinar su sarƙe da juna ta yi tauri. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, an ɗauki hoton huhu da na'urar CT an ga majina ta toshe wasu bututun a kashi 58 cikin ɗari na masu asmar da aka duba, kuma da yawansu ba sa ma kukan yawan kaki. Toshewar tana can ƙasa inda tari ba ya kaiwa.

Akwai wani tsohon labari a nan. A 1853 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya ga wasu ƙananan duwatsu masu tsini biyu a ƙarƙashin madubin likita, a 1872 kuma Ernst von Leyden na Jamus ya gan su a kakin masu asma. Fiye da shekara ɗari ana ɗaukarsu alama ce kawai ta cewa iyosinofil sun bi ta wurin. Sai a 2019 masu bincike a birnin Ghent na Beljiyam suka nuna cewa duwatsun, waɗanda furotin galectin-10 ne ya daskare ya zama su, da kansu suna rura kumburi da yawan majina, har suka ƙera garkuwar da ke narkar da su a ɗakin gwaji. Idan aka buɗe huhun wanda asma ta kashe, abin da aka fi tararwa shi ne bututun iska cike da wannan majina mai tauri.

In dai wannan tsari cutarwa yake yi, me ya sa jiki ke da shi?

Domin tsutsar ciki. IgE da iyosinofil da yawan majina da matsewar tsoka, duk makaman da jiki ke kore tsutsa da su ne daga hanji da huhu. A asma an juya su ne kan abin da ba shi da haɗari.

Afirka ta ba da gudummawa sosai wajen fahimtar wannan. A Gabon an ga yaran da ke ɗauke da tsutsar tsargiya ba su cika nuna alajin ƙwarin ƙura a gwajin fata ba, ko da jininsu na da IgE ɗinsa, saboda tsutsar tana sa jiki ya fitar da IL-10, furotin mai kwantar da garkuwa. A Jimma ta Habasha an ga shesshekar numfashi ta fi yawa a cikin gari fiye da ƙauyukan kewaye. A Kumasi ta Ghana an gwada 'yan makaranta a 1993 da 2003, aka ga matsewar ƙirji bayan gudu ta ƙaru cikin shekara goma, kuma ta fi yawa a 'ya'yan masu hali na birni.

Kada wani ya fahimci cewa a bar yaro da tsutsa. Tsutsa na jawo ƙarancin jini da tsumburewa, wasu nau'o'in ma, idan 'ya'yansu suka ratsa ta huhu, suna jawo tari da fito irin na asma. Abin da wannan ke nufi ga asibitocinmu shi ne yawan iyosinofil ko IgE a jinin mutum a Kano ko Maraɗi ba lallai ne asma ta jawo shi ba.

Gado ce? Mahaifina yana da ita, yanzu ga ɗana.

Akwai gado, amma ba ta ƙwayar gado guda ɗaya ba. Abin lura shi ne da yawa daga ƙwayoyin gadon da aka gano suna da hannu, na furotin ɗin fatar hanyar iska ne. A 2007 aka gano wani yanki a kuromozom na 17, inda ƙwayoyin gadon ORMDL3 da GSDMB suke, mai alaƙa da asmar da ke farawa tun ƙuruciya. Na IL-33 da TSLP ma suna cikin jerin. A Iceland an samu mutanen da ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon IL-33 biyu da suka gada ba ta aiki, sai ga shi iyosinofil ɗinsu kaɗan ne, asma kuma ba ta cika kama su ba.

Akwai kuma CDHR3, furotin da ke saman fatar, wanda aka gano a 2015 cewa shi ne ƙofar da wani nau'in ƙwayar mura, rhinovirus C, ke shiga ta ciki. Yaron da ya gaji nau'in da ke sa furotin ɗin ya yi yawa a saman fata ya fi fuskantar mummunan tashin asma idan mura ta kama shi. Iyayen da ke cewa "da ya yi mura sai ƙirjin ya tashi" ba su yi kuskure ba.

Sai dai yawancin waɗannan bincike a kan Turawa aka yi su, kuma alamomin gadon da aka samo a can ba duka ke aiki daidai a kan 'yan asalin Afirka ba. Gado yana shirya fatar ne, abin da yaro ke shaƙa shi ke ƙarasa aikin.

Da gaske ne yaran da suka tashi cikin dabbobi ba su cika yin asma ba?

A Turai da Amurka an ga haka. Binciken da ya fi shahara an wallafa shi a 2016, ya kwatanta al'ummomi biyu na manoma a Amurka masu asali kusan ɗaya. Amish suna noma da dawaki, garken shanu na dab da gida, kuma kusan kashi 5 cikin ɗari na yaransu ke da asma. Hutterite suna noman zamani da injina, dabbobi na nesa da gida, nasu ya haura kashi 20. Shekara guda kafin nan an nuna a jikin ɓeraye cewa shaƙar ƙurar garke kaɗan-kaɗan tana ƙara wani furotin mai suna A20 a fatar hanyar iska, wanda ke rage mata saurin yin yekuwa. Da aka cire A20, kariyar ta tafi.

Wannan bai wanke hayaƙi ba. Yaron da ke goye a bayan uwarsa a gindin murhu, itace ɗanye na ci a madafa marar taga, ba horar da huhunsa ake yi ba, ƙona fatar ake yi.

Me ya sa tawa ta fi tashi da hunturu?

Abubuwa da yawa ne ke haɗuwa a lokaci guda. Iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana ɗauke da ƙananan ɓarɓashi da ke kaiwa can cikin huhu. Busasshiyar iska mai sanyi tana ƙafar da ruwan da ke saman fatar, wannan kaɗai ya isa ya sa ƙwayoyin mast su saki abin da ke cikinsu. Mura na yawo. Sannan saboda sanyi ana rufe ƙofa da taga a kunna gawayi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa. Kowannensu na taɓa fatar da ta riga ta yi rauni. Takunkumi ko rawani a kan hanci da baki yana ɗumama iskar ya riƙe mata danshi, kuma yana da amfani ƙwarai ga mai fita da babur da sassafe.

Ventolin yana yi mini aiki nan take. Me ya sa likita ya ƙara mini wata inhela da ba na jin aikinta?

Duk abin da aka faɗa a sama saboda wannan tambayar ne. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, ko na shaƙa ko na ƙwaya, yana kama wani furotin a jikin tsoka mai suna beta-2, ya sa ta saki. Iyakar aikinsa ke nan. Bai taɓa TSLP ba, bai rage IL-13 ba, bai kori iyosinofil ba, bai gyara majina ba. Mutum ya ji ya warke, kumburin kuwa yana nan yana ci gaba. Ƙari a kan haka, idan ana shaƙarsa kullum, tsokar takan rage yawan beta-2 ɗin da ke samanta, maganin ya daina kamawa kamar da.

Inhela mai sitiroyid, irin su beclometasone da budesonide, ita ce ke shiga cikin ƙwayoyin fatar ta rage ƙera waɗancan furotin masu kumburi, ta kuma taimaka wajen dawo da beta-2. Aikinta a hankali yake, kwanaki zuwa makonni, shi ya sa mutane ke raina ta su ajiye. A 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol shi kaɗai, ko da asmarsu ba ta yi tsanani ba. Ta fifita inhela mai haɗin budesonide da formoterol, wadda ke buɗe hanya ta kuma rage kumburi a shaƙa ɗaya. Wanda ke ƙarar da gwangwanin salbutamol uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi. A wurarenmu, inda ake shiga kemis a sayi mai arha a tafi, wannan ce babbar matsalar, domin mai kariyar ta fi tsada kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba.

Ba a ce sitiroyid na kumbura jiki ba?

Na sha da na allura, irin su prednisolone da dexamethasone, idan aka daɗe a kansu suna kumbura fuska, su ta da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Na shaƙa ma'auninsa ƙarami ne ƙwarai, kuma kai tsaye yake zuwa inda ake buƙatarsa. Abin da ya fi jawowa shi ne dishewar murya da farin tabo na funfuna a baki, kurkure baki bayan shaƙa yana rage wannan. Yawan fakewa da na sha duk lokacin da ƙirji ya tashi ya fi zama abin tsoro.

Shin hanyar iska na iya lalacewa har abada?

Tana iya canzawa. Idan kumburi ya daɗe, fatar takan saki furotin irin su TGF-beta da periostin, kolajin, furotin mai tauri irin na tabo, ya taru a ƙarƙashinta, tsoka ta yi kauri, ƙwayoyin da ke yin majina su ƙaru. Ramin bututun ya ragu, ƙaramar raguwa kuwa tana da babban tasiri: idan faɗin bututu ya koma rabi, wahalar tura iska ta ciki kan ninka kusan sau 16.

Matsewar da kanta ma tana ɓarna. A Southampton ta Ingila, a 2011, an sa hanyar iskar masu asma ta matse da magani ba tare da ƙarin kumburi ba, aka ga kolajin ya ƙaru. A 2024 masu bincike a King's College ta Landan suka nuna a jikin ɓeraye cewa matsewar tana cunkusa ƙwayoyin fatar har su fita daga layi su mutu, kuma buɗe hanyar da salbutamol daga baya ba ya mayar da su.

Na ji ana maganar sababbin allurai. Suna warkarwa?

Garkuwa ce da aka ƙera a masana'anta, kowace tana kama furotin guda. Omalizumab, da Amurka ta amince da ita a 2003, tana kama IgE. Mepolizumab ta 2015 tana kama IL-5. Dupilumab, da aka amince da ita don asma a 2018, tana toshe hanyar IL-4 da IL-13 tare. Tezepelumab ta ƙarshen 2021 tana kama TSLP tun daga tushe. Suna rage yawan tashin cutar sosai ga masu asma mai tsanani, kuma nasararsu ce ta tabbatar da cewa furotin ɗin nan su ne masu laifin, ba 'yan kallo ba.

Ba sa warkarwa, idan aka daina cutar takan dawo. Kuɗinsu dubban daloli ne a shekara. Ba kowa suke yi wa aiki ba, domin akwai masu asmar da ba ta bin hanyar IL-5 da IL-13, musamman wasu masu ƙiba da masu shan taba da waɗanda ta kama da girma. Kuma ba a ba da su sai an tabbatar mutum yana shaƙar inhelarsa kullum, yana kuma shaƙarta daidai. Da yawan waɗanda ake cewa asmarsu ta gagara, a nan matsalarsu take.

Akwai gwajin da zai nuna irin asmar da nake da ita?

Na farko gwajin hura iska ne a na'ura, kafin shaƙar salbutamol da bayansa. Idan iskar da babba ke fitarwa a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin ɗari da kuma mililita 200, wannan na nuna asma. Ƙidayar jini ta gama-gari, wadda kusan kowane babban asibiti ke yi, tana nuna iyosinofil: 300 ko fiye a kowace maikurolita na nuna irin kumburin da sitiroyid ke yi wa aiki, muddin an kawar da zargin tsutsa. Akwai kuma gwajin FeNO, mai auna iskar nitrik oksaid a numfashi, wadda fatar ke fitarwa da yawa idan IL-13 ya motsa ta, sai dai ba kasafai ake samunsa ba.

Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a fara gwada shi don tarin fuka kafin a ce asma ce. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Akwai magungunan da mai asma zai yi hattara da su?

Propranolol da danginsa, da ake bayarwa don hawan jini ko bugun zuciya, suna toshe beta-2 ɗin nan da salbutamol ke dogaro da shi, har ɗigon ido na timolol na iya yin haka. Asfirin da ibuprofen da diclofenac kuma suna tayar da asma mai tsanani ga wasu manya, galibi masu toshewar hanci da tsiro a cikinsa. Duk inda za a rubuta maka magani, ka faɗa kana da asma.

Yaro na ba ya iya shaƙar inhela daidai. Ya zan yi?

A haɗa masa da sifesa, robar da ake fesa maganin a ciki ya shaƙa a hankali. Inda babu ita, binciken da Heather Zar ta jagoranta a Cape Town a 1999 ya nuna cewa gorar roba ta rabin lita, wadda aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, tana aiki kusan kamar ta kanti. Ana fesa ɗaya a lokaci guda, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida ta bakin gorar, sannan a sake fesawa. Idan ya kasa ƙarasa magana, ko ya kasa shan nono, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓɓansa suka canza launi, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta haki, a ci gaba da ba shi salbutamol ta gorar a kan hanya, a nufi asibiti mafi kusa a wannan lokacin.